Raunin jijiyoyin wuya bayan hatsari: wa ya kamata a bincika kafin ɓarin jiki ya shanye?

Tambayar ta fito ne daga wani ma'aikacin jinya da ke aiki a asibitin gunduma a kan hanyar Garwa zuwa Marwa, a arewacin Kamaru. Ya ce an kawo musu wani saurayi ɗan acaba da ya yi karo da mota, muƙamuƙinsa ya karye, amma yana cikin hayyacinsa, da ƙafarsa ma ya shigo. An yi masa sikanar kai a birni, watau hoton cikin kai da na'ura, ba a ga jini a ƙwaƙwalwa ba. A kwana na biyu sai hannunsa da ƙafarsa na dama suka mutu, magana ta ɗauke. Yana son ya san abin da ya faru, da yadda za a gane irin wannan tun da sauran lokaci.

Ɗan'uwa, sannu da aiki, Allah Ya ba wannan yaro lafiya. Ban duba shi da idona ba, amma yadda ka kwatanta, zato mafi ƙarfi shi ne jijiyar jinin wuya ta hagu da ake kira karotid ce ta ji rauni a lokacin hatsarin, raunin ya yi shiru, sai da gudan jini ya taru ya tafi ƙwaƙwalwa sannan ya bayyana. Na ce ta hagu domin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da ɓarin jiki na dama, kuma a wurin yawancin mutane nan cibiyar magana take.

Jijiyoyi huɗu ne ke kai jini ƙwaƙwalwa. Biyu a gaba, su ne karotid, waɗanda kake jin bugunsu a gefen maƙogwaro. Biyu a baya, su ne batibiral, waɗanda ke bi ta cikin ƙananan ramuka a gefen ƙasusuwan wuya, daga na shida har zuwa na farko, kafin su shiga ƙoƙon kai. Bangon kowace jijiya hawa uku ne, kamar riga mai shafi: shafin ciki yana iya yagewa alhali wajen rigar lafiya lau. Idan kai ya wancakala baya da ƙarfi tare da juyawa gefe, karotid takan miƙe a kan ƙasusuwan wuya na sama, shafin ya tsage. Batibiral kuwa tana daure a cikin ƙashi, don haka ƙashin na karyewa ko ya goce, ita ma ta samu rabonta. Daga nan abu biyu ke faruwa. Ko dai jini ya kutsa tsakanin hawa-hawan bangon ya matse hanya, ko kuma ƙwayoyin da ke daskarar da jini su taru a bakin yagar, su yi guda, gudan ya ɓalle ya toshe wata ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa. Na biyun ya fi yawa, kuma shi ne dalilin da ya sa maganin hana daskarewar jini ke aiki.

Taruwar gudan nan tana ɗaukar lokaci. Wasu majinyata kan iso asibiti ɓarin jikin ya riga ya shanye, waɗannan ba mu da damar riga-kafi a kansu. Amma da yawa sukan yi awa 10, awa 20, har kwana uku ba wata alama, kuma mafi yawan shanyewar da za ta zo tana zuwa ne cikin awa 72 na farko. A cikin wannan tazara mutum yana hira, yana cin abinci, dangi suna ta godiya ga Allah an tsira. Ita ce damarmu, kuma ita ce ke ruɗinmu, domin idan muka jira alama ta fito, to mun jira ƙwaƙwalwa ta mutu ke nan. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka a bakin gadon majinyaci ita ce wane irin rauni ya ji, a ina, kuma ta wace hanya. Kyawun da ya yi a ido ba ya cikin lissafi.

Sai batun sikanar da aka yi masa. Sikanar kai da ba a yi allurar ruwan da ke haska jijiya ba tana nuna jini da ya zuba a ƙwaƙwalwa da karayar ƙoƙon kai. Ba ta nuna cikin jijiyar wuya, sau da yawa ma hoton bai sauko wuyan ba. Ko shanyewar da ta riga ta fara, a awannin farko takan ɓuya wa irin wannan hoto. Don haka takardar da ta ce kai lafiya gaskiya ta faɗa, sai dai ba a tambaye ta labarin wuya ba.

Da can ana ɗaukar wannan rauni abu ne da ba kasafai ake gani ba, domin sai ya shanye mutum ake gane shi. A shekarun 1990 likitocin tiyata a biranen Denba da Memfis na Amurka suka fara neman sa da gangan a jikin waɗanda ba su da alama, sai ga shi ana samun sa a kusan mutum 1 zuwa 2 cikin 100 na waɗanda aka kwantar saboda hatsari, kuma adadin ya fi haka nesa a tsakanin masu mummunan raunin kai ko karayar wuya. Daga aikinsu aka samu sharuɗɗan da ake kira na Denba da na Memfis. A rahoton da ƙungiyar Denba ta fitar a 2009, waɗanda aka gano raunin aka ba su magani tun ba alama, ƙasa da 1 cikin 100 ne suka shanye, waɗanda ba a ba su ba kuwa kusan 1 cikin 5. A yi wa wannan adadi adalci: waɗanda ba su samu maganin ba galibi su ne masu raunukan da suka hana a ba su, watau dama sun fi jin jiki. Duk da haka tazarar ta yi faɗin da ba za a kau da kai ba.

Su waye za a bincika? Kashi biyu ne. Kashin farko masu alama, waɗannan ba a jira da su. Jini mai tsartuwa daga baki, hanci ko kunne. Kumburi a wuya da ke ƙara girma kana kallo. Ƙara kamar ta iska idan ka ɗora abin sauraro a kan karotid, musamman ga wanda bai kai shekara 50 ba, tunda a tsoho tana iya zama ta tsufan jijiya. Sanyin hannu ko ƙafa, karkacewar baki, harɗewar harshe, ko da na minti biyar ne ya wuce. Wannan na ƙarshe ina roƙonka ka riƙa tambayar masu jinya, domin su ke kwana da shi, kuma sau da yawa uwa za ta ce maka da asuba kofi ya suɓuce daga hannunsa amma yanzu ya warware. Wannan gargaɗi ne, babbar na tafe. Haka nan duk wanda halin da yake ciki ya fi abin da sikanar kansa ta nuna muni.

Akwai alama guda da nake so ka koya wa duk wanda ke aiki tare da kai, domin fitilar waya kaɗai take bukata. Ka dubi idanun biyu a wuri mai ɗan duhu. Idan fatar ido ɗaya ta ɗan sauko, baƙin tsakiyar idon kuma ya fi na ɗayan ƙanƙanta, wannan ita ce alamar Horner, wadda takardunmu na Faransanci ke rubutawa Claude Bernard-Horner. Zaruruwan da ke buɗa ido suna hawa ne manne da bangon karotid, to idan bangon ya kumbura sai su daina aiki. Mun saba neman baƙin ido da ya buɗe saboda tsoron jini a kai, har mukan ɗauka babban ne mai matsala alhali ƙaramin ne. Idan batibiral ce ta ji rauni, alamun daban suke: jiri mai tsanani, amai, ganin abu biyu-biyu, tangaɗi a tafiya, sarƙewa wajen haɗiya, ciwon ƙeya. Ana yawan cewa buguwar kai ce kawai za ta wuce, kuma wani lokaci hakan ne, amma ga wanda ƙashin wuyansa ya karye kada ka yarda da wannan bayani da sauri. Wani kuma bayan kwanaki ko makonni zai dawo da ido ja, ya firfito, yana jin ƙara a kai daidai da bugun zuciya. Nan karotid ce ta ɓule cikin babbar magudanar jini da ke bayan ido, a tura shi wurin ƙwararru.

Kashi na biyu su ne ainihin amsar tambayarka, watau marasa alama amma raunin da suka ji ya nuna ƙarfin da ya isa ya yaga jijiya. Karayar ƙashin wuya ita ce kan gaba, musamman na farko zuwa na uku, ko wadda ta ratsa ramin da batibiral ke bi, ko gocewar ƙashi daga kan ɗan'uwansa. Sai karayar tsakiyar fuska irin ta Le Fort ta biyu da ta uku, wadda idan ka riƙe haƙoran sama ka motsa a hankali za ka ji fuskar na motsi. Sai karayar gindin ƙoƙon kai, wadda kake ganewa da baƙin zobe kewaye da idanu, ko shacin jini a bayan kunne, ko ruwa garai na ɗiga daga hanci ko kunne. Sai mai mummunan raunin kai da makinsa a ma'aunin Gilasgo, wanda ake auna zurfin suma da shi, bai kai 6 ba. Sai wanda aka shaƙe ko ya rataye har ya suma. Sai wanda igiya, waya ko bel ɗin mota ya daki wuyansa, ya bar kumburi, ciwo mai yawa ko ruɗewa. A 2012 ƙungiyar Denba ta faɗaɗa sharuɗɗan, domin sun lura kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu raunin suna zamewa ta ƙarƙashin tsofaffin. Suka ƙara da karayar muƙamuƙi, da saɓulewar fatar kai, da raunin kai haɗe da na ƙirji. Ka ga yaronka ya shiga ta ƙofar muƙamuƙi.

Waɗannan sharuɗɗa an rubuta su ne a ƙasar da yawancin masu hatsari ke cikin mota daure da bel. Namu daban ne, kuma dole mu karanta su da idon nan. Ɗan acaba da ba hular kwano, ya faɗi da haɓa a kan kwalta, kai ya wancakala baya. Wanda ya shigo da gudu da dare bai ga igiyar da aka gitta a hanya ba. Mace a bayan babur, gefen mayafinta ya shiga cikin taya ya naɗe ya finciko wuya, ko hijabi ya kama a bel ɗin injin niƙa. Wannan na mayafi yana ci mini rai, domin abin da za ka gani a waje ɗan jan layi ne kawai a wuya, ita kuma kunya ta hana ta buɗe, sai a duba gwiwar da ta goge a sallame ta. Akwai mahayin da doki ya kayar a hawan salla, da makiyayin da saniya ta ja da igiya, da yaron da ya faɗo daga mangwaro. Akwai kuma ƙaramin yaro da ya faɗi da cokali, fensir ko kara a baki, ya soki gefen ganɗa kusa da maƙogwaro. Karotid tana nan dab da bayan wurin. Jinin bakin zai tsaya, raunin ya zama kamar ba komai, sai washegari yaron ya kasa ɗaga hannu. A gaya wa iyaye abin da za su sa ido a kai kafin su tafi.

Game da shacin bel ko ƙujewa a wuya ita kaɗai, ba kumburi ba ciwo ba wani rauni, bincike ya nuna ba kasafai take nufin jijiya ta yage ba, musamman a yara. Ba sai an kwashi kowa an yi Garwa da shi ba.

Hoton da ke tabbatar da raunin shi ne anjiyo-sikana ta wuya, watau sikana tare da allurar ruwan da ke haska jijiya, daga saman ƙirji har cikin kai. Ana so injin ya kasance mai yanka 16 ko fiye, mai 64 ya fi gani. Na san abin da za ka ce: akwai ekogirafi a kusa, watau hoton nan da ake yi wa masu juna biyu, ga sauƙin kuɗi. Kada ka dogara da ita a nan. Mafi yawan raunin karotid yana can sama dab da gindin ƙoƙon kai, bayan muƙamuƙi, inda na'urar ba ta kaiwa, batibiral kuma ƙashi ya rufe ta. Tana kuskure fiye da rabin raunukan. Idan ta nuna matsala, ka yarda da ita ka yi gaba. Idan ta ce lafiya, ba ta wanke kowa ba.

A wasu manyan asibitocin Amurka yanzu duk wanda hatsari mai ƙarfi ya kawo ana haɗa masa da hoton wuya, ba a ma duba sharuɗɗa. Wannan ba namu ba ne, kuma ba na ganin laifinmu a kai. Iyali a nan sukan sayar da akuya ko buhun masara kafin a yi hoto ɗaya, ga kuɗin mota, ga tafiyar kusan kilomita 200 tsakanin Marwa da Garwa, wanda ke Kuseri ma wani lokaci tsallaka gada zuwa Njamena ya fi masa kusa. Shi ya sa shawarata mafi muhimmanci gare ka ita ce ta takardar turawa. Idan majinyaci zai je sikana, to sau ɗaya zai je, da wuya a samu kuɗin zuwa na biyu. Kafin ya tashi ka duba ko ya shiga ɗaya daga cikin rukunan nan. In ya shiga, ka sa likitanku ya rubuta ƙarara cewa ana zargin raunin jijiyar wuya, ana neman kai da ƙashin wuya da anjiyo a zama ɗaya, a kuma faɗi dalili: karayar muƙamuƙi, ko alamar Horner, ko mayafi ya shaƙe ta. Mai ɗaukar hoto abin da aka rubuta masa yake yi. Ku kira ta waya ku tabbatar injin na aiki kuma akwai ruwan allurar, a auna ƙoda idan da hali, a tambayi ko ya taɓa samun matsala da irin allurar, mace kuma a tambayi batun ciki. A gaya wa dangi gaskiyar kuɗin tun a gida don kada su isa su tsaya rabi.

Idan hoto ya nuna raunin, ana auna shi da matakai biyar da Dakta Walter Biffl da abokan aikinsa suka tsara a 1999. Na ɗaya, bango ya ɗan yi kaushi, matsewar ba ta kai kashi 25 cikin 100 ba. Na biyu, ta kai ko ta wuce haka, ko ana ganin guda a ciki. Na uku, bango ya yi rauni ya kumburo waje. Na huɗu, jijiya ta toshe gaba ɗaya. Na biyar, ta tsinke jini na zuba, wannan aikin tiyata ne na gaggawa kuma da yawa ba sa kaiwa. Daga na ɗaya zuwa na huɗu, maganin yawanci asfirin ne ko allurar hana daskarewar jini da ake kira hefarin, kuma ba a nuna ɗaya ya fi ɗaya a fili ba. Hefarin amfaninta shi ne ana iya tsayar da ita nan take idan za a shiga tiyata, amma tana bukatar awon jini a kai a kai, abin da ƙananan asibitocinmu ba su cika iyawa ba. Asfirin kuwa ƙwaya ɗaya ce a rana, ana samunta ko'ina. Akan sake hoto bayan kwana 7 zuwa 10, domin yawancin raunukan mataki na ɗaya sun warke a lokacin sai a dakatar da magani, sauran kuma a ci gaba wata 3 zuwa 6.

Arhar asfirin ita ce haɗarinta. Kada wani ya karanta wannan ya fara raba ta ga duk wanda ya faɗi a babur. Mutumin da ke da jini a ƙwaƙwalwa, ko saifa ko hanta ta fashe, ko ƙugu ya karye yana zubar da jini a ciki, asfirin na iya ƙarasa shi. Sai an tabbatar kai ba jini, ciki lafiya, sannan likita ya yanke. Idan raunin jijiya da jinin ƙwaƙwalwa suka haɗu a mutum ɗaya, wannan shawara ce ta likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, yawanci akan jira a ga jinin ya tsaya a hoto na biyu. Inda kuma aka samu sikanar kai mai kyau amma anjiyo ta gagara, ga shi raunin na cikin masu haɗari sosai kamar karayar da ta ratsa ramin batibiral, ni a ra'ayina ba da asfirin ya fi barin sa haka, bayan an yi magana da likitan tiyata. Wannan ra'ayi ne da na gina a kan auna haɗari biyu, wani ƙwararren zai iya saɓa mini.

Akwai abubuwan da ke hannunka ko da babu hoto ko kaɗan. Ka buɗe abin da aka tallafe wuya da shi, wani ya riƙe kan, ka duba fatar da idonka gaba da baya, sannan ka mayar. Kada a danna kumburin wuya, kada a murza. Kada a bar hawan jininsa ya faɗi ko iskar jikinsa ta yi ƙasa, domin jijiyar da ta matse da ƙarfin bugun jini take ciyar da ƙwaƙwalwa, in ya faɗi sai abin da ke wucewa ya yanke. Mai irin wannan rauni a riƙe shi kwana uku idan da hali, ana duba shi duk bayan 'yan awanni, har da dare: ya ɗaga hannu biyu ya riƙe, ya yi murmushi, ya faɗi sunansa da garinsu, a haska idanu. A rubuta a takarda da lokaci, don wanda ya karɓi aiki ya san yadda ya same shi.

In dangi suka matsa sai sun tafi, ka zaunar da babbansu ka yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci, yadda zai gane: idan baki ya karkace, ko hannu ya yi sanyi, ko magana ta harɗe, ko ido ɗaya ya daina gani, ko da ya warware, a dawo a wannan sa'a, kada a jira gari ya waye. Ka kuma roƙe su kada a kai wuyan wurin mai ɗori a ja ko a murɗa, kada a yi masa tausa ko ƙaho a wurin. Masu ɗori suna da inda suke taimakawa, amma wuyan da ya ji hatsari ba ya cikinsu, murɗa ɗaya na iya ɓalle gudan da ke manne ko ta goce da ƙashin da ya tsage.

Shi kuma wanda ya riga ya shanye, har yanzu yana bukatar hoton jijiyoyin wuyan da sabuwar sikanar kai, domin a san girman abin da ya mutu da ko akwai jini a ciki kafin a fara magani, a kuma kare shi daga guda na biyu. A gwada haɗiyarsa da ɗan ruwa kafin a ba shi abinci, a riƙa juya shi saboda gyambon kwanciya, a fara motsa gaɓoɓin da wuri, a riƙa yi masa magana ana ba shi lokaci ya amsa. Matasa sukan farfaɗo fiye da yadda ake zato a watannin farko, idan an dage da gashi da motsa jiki.